Kwalayen Mutumin Hawa na Huɗu

Frau Kalweit ta yi shekara talatin da ɗaya tana sayar da takalma a wani kanti da ke tsakiyar Bochum. Da aka rufe kantin sai ta dawo gida ta zauna. Mijinta ya riga ya rasu, ɗanta ɗaya tilo yana Hamburg, ranar Lahadi yake bugo mata waya, ita ma ba kowace Lahadi ba. Ɗakinta ne na farko a ƙasa in ka shigo benenmu, ni kuwa ina hawa na biyu, mun yi shekara goma sha tara muna gaisawa a matakala.

Ba wanda ya naɗa ta mai karɓar saƙo. Mu dai duk muna wurin aiki da rana, masu kawo kaya kuwa ba sa son hawa sama, sai su danna ƙararrawarta. Ita ma ba ta iya cewa a'a. A hankali zaurenta ya koma kamar sito. Kowane kwali ya zo sai ta ɗauki jan alƙalami ta rubuta lambar hawan mai shi a gefe, ta jingine shi a bango. Da yamma mu yi layi a ƙofarta.

Herr Pawlak na hawa na uku, tsohon direban bas, shi ne abokin tsokanarta.

"Ranki ya daɗe, shugabar gidan waya, akwai nawa?"

"Akwai. Me kake saye ne kullum mai nauyi haka? Duwatsu?"

"Maganin tsufa ne. In sammiki?"

"Sha abinka, na ga bai yi maka aiki ba."

Tana mita, amma da ka duba za ka ga tana jin daɗin abin. Wanda bai zo karɓa cikin kwana biyu ba sai ya tarar da takarda a manne a ƙofarsa, rubutu tsaf, da gaisuwa a ƙasa mai kama da mari.

A watan Oktoba ne kwalayen Herr Wiegand suka fara taruwa. Shi kaɗai yake zaune a hawa na huɗu, can ƙarƙashin rufi, kusan shekara shida. Na farko ya zo, na biyu ya zo, ba a karɓa ba. Ta ja ƙafa ta hau har sama, gwiwarta na ciwo, ta danna ƙararrawa. Shiru. Amma da ta kasa kunne sai ta ji rediyo yana magana a ciki, ta kuma ji wani abu yana gurzar ƙasa yana bugun ƙofa a hankali, ya ja baya, ya sake dawowa.

Ta sauko a fusace ta tare ni.

"Yana ciki, 'yar nan. Yana shara ma. Ni zai mayar baiwarsa?"

Na ce ƙila bai ji ba ne.

"Bai ji ba? Sau biyar na danna."

Ta manna takarda. Bayan mako guda ta manna wata a kan ta farkon. Babu abin da ya sa mu zargi komai. Ƙarfe bakwai na safe labulen tagoginsa zai ɗaga, in rana ta faɗi ya sauka, fitila ta kama. Mutumin da ke kashe fitilarsa yana kunnawa, wa zai ce ba ya nan?

Ta kira kamfanin da ke kula da gidan. Wata murya mai zaƙi ta ce in maganar ruwa ce ta danna ɗaya, in ta makulli ce ta danna biyu, in wata ce daban ta jira. Ta jira minti arba'in tana jin kiɗa, sai layin ya yanke. Washegari ta samu mutum, wata yarinya, ta ce mata ba a ba su izinin yin magana a kan wani ɗan haya da wani ɗan haya ba. Ta roƙi mai kawo kayan ya daina kawowa. Ya nuna mata 'yar na'urar da ke hannunsa ya ce, "Mama, wannan ce ke ba ni umarni. In na mayar, ni za a tuhuma." Ya ajiye ya ruga, motarsa na tsakiyar titi ana ta yi masa oda.

Sai ranar wata Talata a Janairu, da tsakar rana, ana zubar dusar ƙanƙara, aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ba ƙararrawa aka danna ba, ƙwanƙwasawa aka yi. Ta buɗe ta ga mutum tsaye da doguwar kwat mai ruwan toka, ya ja hula har gira. Fitilar matakala ta riga ta mutu, irin mai kashe kanta ce bayan minti ɗaya.

Ya ce, "Na zo karɓar saƙona."

"Herr Wiegand? Ai na zaci ka manta hanyar ƙasa. Ga su nan, goma sha ɗaya."

Ya miƙa hannu ya ɗauki na sama, ɗan ƙarami.

"Sauran fa?"

"Zan dawo. Na gode, Frau Kalweit."

Ya juya ya hau sama, a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ta ba ni labari tana huci, wai mutum ko haƙuri bai ba ta ba.

Bai dawo ba. Sanyi ya wuce, itatuwan bakin titi suka yi ganye, kwalaye suka kai ashirin da uku, har sai ta karkace take shiga banɗakinta. A ƙarshen Afrilu Herr Pawlak ya lura da wani abu. Ya ce tun da aka sauya agogo aka ƙara awa guda, kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk ƙarshen sanyi, labulen sama ya koma ɗagawa ƙarfe takwas daidai, ba ya kuskure ko da minti. "Mutum ba ya haka," in ji shi. Wannan karon bai yi dariya ba. Shi ya kira 'yan sanda.

Biyu suka zo, mace da namiji, ranar Asabar da hantsi. Kafin mai buɗe makulli ya iso, macen ta tara mu a matakala ta ce mu kwatanta mata shi.

Pawlak ya ce dogo ne mai gemu.

Na ce a'a, ba shi da gemu, tabarau yake sawa.

Matar Pawlak ta ce mu duka mun ruɗe, wancan mai karanta mitar ruwa ne.

"To yaushe rabonku da shi?"

Kowa ya ce bai daɗe ba. Da aka matsa, ba wanda ya iya faɗin rana. Frau Kalweit kaɗai ta yi magana ba kame-kame. Ta ce takalminsa ruwan ƙasa ne, lamba arba'in da huɗu, dugadugin hagu ya fi cinyewa, kuma a jiƙe yake ranar da ya zo mata a Janairu.

"Fuskarsa fa?"

Ta ce, "Akwai duhu."

Da aka buɗe ƙofar duk mun toshe hanci, mun san abin da muke jira. Babu wari. Ƙamshin sabulu ne ma. Sai wata murya ta mace ta fito daga wata 'yar na'ura da ke kan kanta, cikin fara'a, ta kira Herr Wiegand da sunansa ta ce, "Sannu da dawowa, Lothar. Yau za a yi rana." Matar Pawlak ta ƙwalla ƙara. Wani ɗan injin shara mai kama da faifai ya fito daga ƙarƙashin kujera ya zo ya dungure takalmin ɗan sandan, ya kauce, ya ci gaba da aikinsa. Ƙasa tana ƙyalli. Gado a gyare. Furannin taga sun bushe ƙayau. Babu kowa, a raye ko a mace.

A kan teburin kicin akwai ɗan ƙaramin kwali, ba a buɗe ba. A gefensa an rubuta huɗu da jan alƙalami.

Frau Kalweit ta dafa bango. Na riƙe ta muka sauko, taki ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa.

Bayan kwana tara 'yar sandan ta dawo da bayani. Herr Wiegand ya faɗi a tashar jirgin ƙasa ta Hagen ranar takwas ga Oktoba, ya cika a asibiti kwana biyu bayan nan. Adireshin da aka samu a jikinsa na tsohon gidansa ne da aka rushe, wasiƙa ta je ta dawo. Ba a samu dangi ba, hukuma ta ƙone gawar ta binne tokar. Kuɗin haya na fita da kansa daga banki, kayan kuwa injinan gidan ne ke yin odarsu, gahawa da sabulu da tawada.

"To wa ya zo min a Janairu?"

'Yar sandan ta ce wataƙila wani ne mai makulli, aboki ko ɓarawo. Ko kuma Frau Kalweit ta haɗa watanni, tun kafin Oktoba aka yi.

"A watan Satumba ake dusar ƙanƙara?"

'Yar sandan ta rufe littafinta ta ce za su duba.

Ranar Laraba da ba ni da aiki Frau Kalweit ta ce in raka ta Hagen. Jirginmu ya makara rabin awa, na biyu aka soke shi. A maƙabartar wani mai yankan ciyawa ya kashe injinsa ya kai mu wani fili shimfiɗaɗɗe, ba dutse, ba suna.

"Na Oktoba? Tsakanin itacen can da famfo. Wajen nan dai."

Ta tsaya a wajen nan ɗin, jakarta a hannu biyu. Na zaci addu'a za ta yi. Sai na ji ta ce, a hankali, "Ka yi haƙuri da takardun da na manna maka." Muka koma tasha.

An kwashe kayan ɗakin, an yi fenti, wasu ɗalibai biyu sun shiga. Kwalaye sun ci gaba da zuwa har wata biyu, domin duk inda Frau Kalweit ta kira don a tsayar sai a ce mai odar ne kaɗai zai iya sokewa, da lambarsa ta sirri.

Ta yi mako uku ba ta buɗe wa kowa ƙofa. Muka sha wuya, kowa da 'yar takardarsa a hannu yana layin karɓar saƙo a kantin sigari na bayan gada. Rannan na dawo daga aiki na tarar da ƙofarta a buɗe, Pawlak na tsaye rungume da kwali.

"An buɗe gidan waya ke nan?" in ji shi.

"An buɗe," in ji ta. "Amma ka faɗa wa kowa, ƙararrawa za a danna. Wanda ya ƙwanƙwasa min, ko zai wuni a nan ba zan taso ba."