Gwangwanin da Baba Ya Ƙera

Ni dai tun ina ƴar lekwal, wato makaranta, aka san ni da cika baki, kuma shi ya ja mini. Wani abokin aikina na ƙasar waje, wanda muka yi karatun fizik tare, ya ara mini wata baƙar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar dawa ba, in auna ta a labonmu, ɗakin gwaje-gwaje na jami'a nan Yamai. Wata ɗaya tak ya ba ni, don wasu na jira. Ya ce gwangwanin awon kuwa sai bayan wata biyu zai samu. Na ce ya sha kuruminsa, ubana maƙeri ne.

Ƙwayar irin kayan nan ce da muke kira supra, masu ɗauke da jan ƙarfe a jikinsu. In ta yi sanyi ƙwarai, elektron ɗin cikinta sai su haɗu bibbiyu, kuran, wato lantarki, ya wuce ba abin da ke tare shi. Yadda suke haɗuwar ne har yau masana ke ja-in-ja a kai. Mu namu aikin, mu sa ƙwayar cikin ɗan gwangwani na jan ƙarfe, mu tura masa mikro-ond, irin wadda ke ɗumama abinci, mu sanyaya shi, mu duba layin da ke fitowa a ekran, allon na'urar. Sai dai dole cikin gwangwanin ya yi sumul kamar madubi. Ƙarzuwa kaɗan ta isa ta shanye komai.

Baba ya fi shekara arba'in yana ƙirar azurfa da jan ƙarfe a rumfarsa ta unguwar Banifandou, tun tasowarsa daga Damagaram. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kirana sai Uwata. Na kai masa takardar awo, na tsaya a kansa ina ta jaddada milimita. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Uwata, tun ba ki san hannun damanki ba nake auna zoben amare." Na yi dariya na tafi, ban gaya masa amfanin abin ba.

Bayan kwana goma ya kira ni. Na tarar da gwangwanin naɗe cikin farin ƙyalle, awo daidai, ko gashi bai kuskure ba. Sai na buɗe murfin. Baba ya zane cikinsa kaf, ganye da taurari da ƴan layuka siri-siri, irin wanda yake wa kayan ɗakin amarya. A wurin maƙera ai abin kunya ne maƙeri ya miƙa wa ƴarsa ƙarfe tsirara, sai ka ce wadda ba ta da gata.

Wallahi ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Haba Baba! Wa ya ce ka yi wannan? Kwanon biki na ce ina so? Ka kashe mini aiki!" A gaban maƙwabtansa na rumfa na faɗi haka. Ya karɓi abinsa ya mayar cikin ƙyalle, ya ce, "To, yi mini bayani kamar yadda kike wa ɗalibanki." Kunya ta rufe ni. Na tsuguna gefen maƙera na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun farko. Ya tambaye ni saura kwana nawa, na ce ashirin. Ya ce in dawo ran Juma'a ta sama.

Kwana taran nan ko barcin kirki ban yi ba. Na je na roƙo ruwan azot wurin ma'aikatan dabbobi masu ajiye irin bijimai, don su kaɗai na san suna da abin sanyin nan a kusa. Ran Juma'a ƙanwata ta kawo mini gwangwanin har labo, ta ce Baba na gaisuwa. Na leƙa ciki, na ga idona yana kallona.

Muka sa ƙwayar, muka zuba azot, tururi ya malalo kan tebur. Layin da ke ekran da fari ya baje kamar tudun yashi. Sanyi na kaiwa inda ake so, sai ya tsuke ya miƙe tsaye cak. Elektron sun haɗu, kuma a Yamai muka gani, cikin ƙarfen ubana! Na rangaɗa guɗa a labo, ni da ake wa kallon malama mai ɗaure fuska. Muka yi awonmu har sau shida, na mayar da ƙwayar saura kwana uku.

Da abokin nawa ya ga sakamakon, sai ya bugo yana tambayar wane irin inji aka goge gwangwanin da shi, yana son gwangwani biyu irinsa. Ban tsaya ba, na ɗauki mota na nufi gida kaina a kumbure, in kai wa Baba labari.

Na same shi a zaure yana cin tuwo da cokali, mutumin da bai taɓa yarda cokali ya shiga tsakaninsa da tuwo ba. Na kama hannunsa na juya. Fatar yatsu uku ta saɓule, jajir, ba ta gama warkewa ba. Da toka da ƙyalle ya goge zanen nan, kwana tara.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya janye hannunsa ya ce, "Ke dai faɗa mini, ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Baba. Har suna tambayar injin, wai biyu suke so."

Ya ɗauki cokalinsa ya ce, "Ce musu su dakata injin ya warke."