Rukayya a Bakin Ƙofa

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma zan faɗe shi daki-daki yadda ya zo, ba ƙari ba ragi. Na san an ce mummunan mafarki ba a ba da labarinsa. Na yi a'uziyya, na tofa ta hagu, na juya kwanciya, duk na yi. Bai sake ni ba. Wanda ya san fassara ya taimaka. Wanda zai ce in yi haƙuri, na gode, an riga an faɗa mini.

Kafin mafarkin sai kun san abin da ke ƙasa. Ina koya wa 'yan mata takwando, wasan kare kai na shuri da naushi, a wani aji na firamaren unguwarmu, bayan la'asar, idan yara sun tashi mun jingine bencuna a bango. Ina da doka. Ana shiga sahu bisa launin bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙugu, babba a gaba ta hannun dama, ita ke ba da umarni a rusuna. Wadda ta yi latti ba ta shigowa. Za ta tsaya a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya, hannuwa a baya, har sai na ce ta shigo. Ba na sassauta wa kowa, ko 'yar wane ce.

Rukayya ce ke gaba ta dama. Shekararta sha shida, jan bel gare ta, saura mataki ɗaya ta ɗaura baƙi. Watan jiya ta dawo daga makaranta ta ce kanta na ciwo, ta kwanta bayan azahar, kafin magariba an rufe ta da zane. Ba a wajena ta faɗi ba, ranar ma ba mu da atisaye. Amma da na je gaisuwa, gwaggonta, ƙanwar babanta, ta dube ni a gaban mata ta ce, "Au, ke ce malamar dukan? Sannu da aiki. Kin gama girgiza mata ƙwaƙwalwa, yanzu kin zo cin shinkafar sadaka." Babu wadda ta tsawata mata. Na yi addu'ata na fito.

Shekaranjiya kuma mahaifiyar Rukayya ta zo gidana, tana riƙe da hannun Hafsa, ƙanwar Rukayya. Ta ce, "Malama, ga wannan. Tun rasuwar ba ta cin abinci sai ta sa farar rigar atisayen yayarta. Ki karɓe ta ranar Asabar, ko Allah zai sa ta dawo mana mutum." Kafin su kai gida gwaggon ta aiko a ce mini in na karɓi yarinyar, in tanadi hijabin zuwa gaisuwa ta biyu. Na ce wa uwar zan yi tunani. Ban ba ta amsa ba har yanzu.

To ga mafarkin.

Na ga kaina a ajinmu, ina tsaye a gaba da farin kayana. Sahu ya cika, ya miƙe yadda nake so, amma ba ɗalibaina ba ne. Matan gidan makokin ne, manya da tsofaffi, kowacce ta ɗaura bel a kan hijabinta, kowacce da farantin shinkafa a hannu tana ci. Gwaggon ce a gaba ta dama, a gurbin Rukayya. Ta lashe cokali ta ce, "A rusuna wa malama, ta ci mana ɗaya." Suka rusuna gaba ɗaya, shinkafa na zuba a siminti. Abin da ya fara damuna a mafarkin shi ne ana ci a cikin sahu. Wannan ba a yi mini shi.

Da na juya sai na ga Rukayya a bakin ƙofa. Ƙafa ɗaya, hannuwa a baya, kai tsaye, yadda na koya musu. Gashinta a jiƙe yake, ruwa na ɗiga a kafaɗar rigar. Akwai auduga a hancinta. Tana kallona tana jira.

Na buɗe baki in ce ta shigo, sai lissafin shuri ya fito. Ɗaya. Biyu. Na sake gwadawa, uku. Matan suna ta ɗaga ƙafafu cikin zannuwa suna dariya, ɗaya har ta ƙware. Duk sanda na nufi kalmar, sai lamba ta gaba ta riga ta fitowa, kuma muryata ce, da ƙarfinta, irin wadda ake ji har bakin titi.

Sai kawai babu aji. Muna tsakiyar tashar mota da rana tsaka. Ƙofar nan tana nan tsaye ita kaɗai, babu bango ta dama babu ta hagu. Mutane na wucewa ta gefenta da kayansu, masu talla, masu turin baro, har wata akuya. Rukayya ma da ta zagaya ta gefe da ta iso gare ni, amma ba ta zagaya ba, don ban ba ta izini ba. Wani kwandasta ya daki jikin mota ya ce mini, "Hajiya, wannan taki ce? Mota ta cika, ita kaɗai muke jira. Ki sallame ta ko ki karɓe ta, ba ma kwana a nan." Na mayar da idona kan Rukayya.

Ƙafarta ta fara rawa. A zahiri ban taɓa ganin ƙafar yarinyar nan ta yi rawa ba. Ta ce a hankali, "Malama, in sauya ƙafa?"

Na taka zuwa gare ta. Ina tsammanin rungume ta zan yi. Sai idona ya sauka a ƙugunta. Ba jan bel ɗinta ba ne, wani siririn farin ƙyalle ne da aka yaga, an yi masa ƙulli irin na likkafani, ya karkace gefe. Sai na ji bakina ya saki, magana ta fito sarai. Na ce, "Wa ya koya miki wannan ɗaurin? Shekara nawa kina wajena? Dubi ƙulli kamar na buhun gawayi."

Ta dubi ƙullin. Ta ce, "Ba ni na ɗaura ba, Malama."

Na durƙusa in kwance in gyara mata, ƙullin ya ƙi. Ina ja yana ƙara tsukewa, ina jin numfashinta na yankewa a saman kaina, ban kuma daina ja ba. Matan sun biyo mu tashar, sun kewaye mu da farantansu. Wata ta ce, "Ai har can ma ba za ta bar ta ta huta ba."

Sai kawai na ji katako a hannuna, ina riƙe da shi yadda nake riƙe wa masu jarrabawar fasa katako. Da na duba, itace ne ɗanye da jar ƙasa a jikinsa, irin wanda ake jerawa a kan kabari. Mai zuwa fasawar Hafsa ce. Ta sa rigar yayarta, hannun rigar ya wuce yatsunta, ƙafar wandon na jan ƙasa. Tana tahowa ta wajen ƙofar nan, gwaggon na tafa mata tana cewa, "Maza, 'yar albarka, malama na jira. Ga ta biyu nan."

Hafsa ta zo daidai bakin ƙofa. Sai Rukayya ta fito da hannunta daga baya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san ta, ta damƙi wuyan rigar ƙanwarta. Ta riƙe gam. Ba ta ja ta baya ba, ba ta tura ta gaba ba, kuma har lokacin ƙafa ɗaya take tsaye. Ni take kallo, ba ƙanwar ba. Fuskarta babu fushi babu murmushi. Kwandastan ya sake dukan mota. Hafsa ta ɗago kai ta ce, "Malama, in shigo?"

Nan na farka, ana kiran assalatu, bakina a buɗe, hannuwana sun ƙage kamar na kwana riƙe da abu.

Tambayata ɗaya ce, kuma don Allah a amsa ita, kada a kewaya. Riƙon nan da Rukayya ta yi wa Hafsa, hana ta zuwa wajena take yi, ko miƙo mini ita take? Ko kuwa tafiya take so ta yi da ita? Asabar jibi ce, uwar za ta kawo ta ko na aika ko ban aika ba. In yarinyar ta tsaya ta tambaye ni ido biyu, me zan ce mata?