Idon da Yaya ya kafa a kan zaurenmu

Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka ta biyu, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Tsamaye. Ina zaune a gidan da aka haife ni, tare da Inna da matata da ɗiyanmu biyu. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Yayana, ɗan farin Inna, yana Abuja, sana'arsa haɗa wuta a gidajen masu hali. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "na birni" take ce masa.

Tun bazarar da ta gabata tsohuwar rijiyar gidanmu ta ƙafe. Da Yaya ya zo gida ya ga matata na ɗauko ruwa daga nesa, sai ya kawo masu haƙa suka yi mana burtsatse. Ya ɗora tanki a kan ƙarafa, ya jera farantan sola a kan rufin zaure. Inna ta ce lallai a fitar da famfo ɗaya waje saboda maƙwabta, aka fitar.

Bai tsaya nan ba. Ya manna wani farin akwati a bangon zaure, da layin waya a ciki, ya kafa doguwar sanda don akwatin ya kama sabis. Sannan ya ɗaura kyamara biyu, ɗaya tana kallon famfon waje, ɗaya tana kallon tsakar gida. Ya nuna mini a wayarsa: ga Inna tana tsince wake, ga akuyarmu, ga layin da ke nuna yawan ruwan tanki. Ya taɓa wani wuri, injin jan ruwa ya tashi. Ya sake taɓawa, ya mutu.

"Malam, nan gaba kowane gida haka zai koma," ya ce da ni. "Inda nika aiki, ƙohwa na gane huskar mai gida. Firji na faɗa maka abin da ya ƙare. Ina Abuja za ni riƙa ganin Inna kamar ina nan."

Inna ta ɗaga kai ta dubi abin da ke saman tsakar gidanta.

"Wa da wa ka ganinmu cikin abin ga?"

"Ni kaɗai, Inna. Sai abokin aikina da yat taya ni haɗawa." Ya mai da wayar aljihu. "Da su kamfanin, in an samu matsala."

Daga ranar matata ta daina fitowa tsakar gida babu mayafi, Inna kuma ta mai da turminta bayan rumbu, inda idon ba ya kaiwa.

Da farko abin daɗi ne. Yaya kan gaida Inna da safe ta bakin kyamarar, muryarsa ta fito daga sama, ɗiyana su ruga suna ɗaga masa hannu. Har ya taɓa hango maciji a gindin tanki ya sanar da mu.

Sai fari ya kankama. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe. Aka fita roƙon ruwa sau biyu, hadari ya taso daga gabas ya watse. Rijiyoyin gari suka koma laka, gulbin da muke tsammanin cikarsa ya zama yashi da 'yan kududdufai. Gari duka ya dawo ƙofar gidanmu. Tun kafin in tafi makaranta jarkoki sun yi layi har gindin tsamiya.

Yaya na ganin duk wannan daga inda yake. Wata rana ya kira ni.

"Ruwan ƙasa na sauka, ina gani a nan. In aka ci gaba hakan ga, injin zai ja laka shi ƙone. Na sa mishi lokaci. Daga hantsi zuwa sha biyu, shi ke nan."

"Yaya, mutane sun yi yawa. Ba za su samu ba."

"In ya ƙone kowa ya rasa, har ku."

Gaskiya ya faɗa, ban iya musa masa ba. Amma shi ba ya tsaye a wurin lokacin da famfo ke yin tari ya ɗauke, mace tana riƙe da bokiti rabi, ta juyo ta dube ni. Sai in ce ba ni ba ne. Su kuma ba su ga kowa ba sai ni. Inna takan ɗebo daga randarta ta miƙa ta kan katanga, ta gefen da ba a gani.

Akwai wani tsohon Bafillace, abokin mahaifinmu. Tun ina yaro, kowace kaka shanunsa ke cin karan gonarmu su bar mana taki, matarsa kuma ta kawo wa Inna nono da man shanu. Baffa muke ce masa. Wata ranar Talata bayan azahar ya iso da shanu bakwai, ƙashin haƙarƙarinsu a waje, da ɗiyansa maza biyu a bayansa. Ya murɗa famfo, babu komai. Na fito muka gaisa, na ce ya dakata in kira Yaya ya buɗe mana ko na ɗan lokaci.

Ban kai ga ciro waya ba murya ta fito daga saman zaure.

"Baba, a yi haƙuri. Ruwan ga na mutane na, ba na dabbobi ba."

Tsohon ya waiga dama, ya waiga hagu, ya leƙa cikin zaure.

"Wa ka magana?"

"Yaya na, Baffa. Daga Abuja."

"Yana ganina?"

"Yana ganinka."

Ya ɗaga kai a hankali har ya sami abin. Kyamarar ta ɗan juya, da wannan ƙaramar ƙarar tata, ta tsaya a kansa, sannan ta bi ɗiyansa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin ya ja rawani ya rufe fuska.

Na ɗaga murya na ce, "Yaya, Baffa na fa! Baffa na Baba!"

Sabis ya yanke a daidai nan, ko kuma Yaya ya ajiye wayar, ban sani ba har yau. Daga baya ya rantse mini cewa bai gane shi ba, hoton bai fito da kyau ba, kuma da ya sani da ya buɗe. Na yarda da shi. Amma a lokacin Baffa ya riga ya kaɗa shanunsa. Inna ta fito har ƙofa da ƙwaryar ruwa, abin da ba ta saba yi ba, tana kiransa. Ya tsaya ya karɓa ya sha, ya miƙa wa ɗiyansa, ya yi godiya, suka bi hanyar arewa.

A shekarun nan mutanen daji, wato 'yan bindiga, sun riga sun addabi yankinmu, kowa na auna maganarsa kafin ya yi. Bayan kamar mako biyu aka ji an kai farmaki wata maɓoyarsu a dajin yamma da mu. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma sai magana ta bazu cewa gidan malam akwai ido mai ɗaukar fuskar kowa yana aikawa Abuja. Ban taɓa zargin Baffa ba. Mutum ɗari sun ji muryar nan, kowa kuma ya ga abin yana juyawa.

Layin jarkoki ya fara raguwa, alhali ƙishirwa ba ta ragu ba. Maza suka daina zuwa sam. Mata kan zo da lulluɓi har ido, su cika su tafi babu hira. A masallaci wanda ke kusa da ni kan gaisa da ni a gurguje.

Wata safiya ina shirin fita, babur ya tsaya a ƙofar gida da mutum biyu, fuskokinsu a naɗe. Ban san su ba. Na bayan ya sauko ya murɗa famfo, ya sha ɗan ruwan da ya kwana a tanki da tafin hannu, ya wanke fuska ba tare da ya kwance rawanin duka ba. Sannan ya tsaya a ƙarƙashin kyamarar yana kallonta, ya daɗe. Ya hau suka tafi.

Da hantsi maigari ya aiko a kira ni daga aji.

"Malam, an aiko," ya ce. Bai faɗi wanda ya aiko ba, ban kuma tambaya ba. "Abin ga da ka saman zaurenku, a sauke shi yau."

"Ranka shi daɗe, ruwa kawai yaka tsaro."

"Ni na sani. Su za ka gaya ma?"

Na koma gida na jingina tsani. Ina hawa idon ya juyo gare ni, muryar Yaya ta fito dab da fuskata.

"Mi kaka yi, malam?"

"Za ni cire shi, Yaya."

"Don Allah dakata. In wani abu ya faru da ku, ta ina za ni sani?"

A nan na gane shi ma tsoro ne ke cinsa, yana zaune nesa yana kallon uwarsa a cikin waya. Na ce ya yafe mini, na fizge wayar wutar. Na cire kyamarar, na cire ta cikin gida ita ma, na kwance farin akwatin da sandarsa, na kai wa maigari duka a buhu don kowa ya shaida.

Washegari injin ya ƙi tashi. Ashe ba ya aiki sai akwatin ya ba shi izini. Kwana uku muna kallon tanki babu ruwa, rana na dukan farantan sola a banza. Na je Sabon Birni na ɗauko wani mai gyaran injin ban ruwa, ya yanke wayoyi ya haɗa kai tsaye. Ruwa ya dawo, babu mai ƙayyade masa lokaci. Mutane suka dawo su ma, daga safe har rana ta faɗi. Wata bai cika ba famfo ya fara kawo jan ruwa, sannan laka, sannan injin ya ƙone kamar yadda Yaya ya faɗa.

Ba mu girbe abin kirki ba a shekarar. Bayan kaka na nemi canjin makaranta, muka kwashe zuwa Isa, gidan ƙanen Inna. Yaya ya yi fushi da ni na wasu watanni, daga baya muka shirya. A wata hira ne na tambaye shi ko ya goge hotunan.

"Na goge na wayata," ya ce. "Amma akwai waɗanda ka zama wurin kamfanin. Waɗannan ba ni da iko da su."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, malam."

Na sake ganin Baffa sau ɗaya, a karar shanu ta Sabon Birni, yana riƙe da igiyar saniya guda. Ya tsufa sosai. Ya tambayi Inna, ya yi mata addu'a. Na tambayi ɗiyansa, ya ce babban na wajen Maraɗi da sauran shanun. Bai ambaci ƙaramin ba, ni kuma na ji tsoron tambaya.

Da zan juya ya riƙo hannun rigata, ya rage murya.

"Abin nan naku da ya kalle mu. An ce ka sauke shi."

"Na sauke, Baffa."

"To huskokin yaran, sun hita daga ciki?"

Dillali na jiransa, mai saye na duba haƙoran saniyar. Na ce masa sun fita. Ya gyaɗa kai, ya saki rigata, ya koma wajen cinikinsa.