Jarkar Kaka da Gaiwar Bahar

A unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni, a wani gida mai ɗaki biyu a ƙarshen lungun da mota ba ta iya shiga. Sunan kakata aka sa mini, wadda ta haifi Baba, shi ya sa kowa yake kirana Ummi, ita kuma take ce mini takwara. 'Yar bakin tafkin Chadi ce ta ɓangaren Nijar, gidansu masunta ne kaka da kakanni. Ta zo aikin Hajji da mijinta tana goye da Baba, mijin ya rasu a nan, ita kuma ba ta koma ba. Gyaɗa take soyawa tana sayarwa. Kullum bayan magariba sai ta hau saman ɗaki, wurin da muke kira sutuh, ta hura gawayi ta ɗora kaskon yashi. Ni da yayana Habu mukan bi ta, don a can iskar bahar take ɗan kaɗawa, a can kuma ake samun ƙonanniyar gyaɗa kyauta.

Mu 'ya'yan Jidda ne, rabin maganarmu Larabci. In na ce mata "Ya sitti," sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Sitti tana gidan maƙwabta. Ni Kaka ce, ki faɗa da bakin ubanki."

Baba dako yake yi a kasuwar kayan miya, amma ranar hutu ta bahar ce. Yakan bi abokansa kudu da gari, ya shiga ruwa har gwiwa, igiyar ruwa na dukansa, ya wulla fatsa can nesa da doguwar sanda. Abin da ya kamo shi ne miyarmu ta mako. Ƙoton da manyan kifaye suka fi so wani ɗan kifi ne siriri mai santsi kamar maciji, wanda Baba yake kamowa a tsakanin duwatsu in ruwa ya janye. Kaka ta ce masa gaiwar bahar, don ya yi mata kama da gaiwar tafkinsu. Amma fa sai da ransa yake aiki, in ya mutu ko kallonsa kifi ba ya yi.

Da farko a bokiti Baba yake zuba su, ya cika da ruwa ya rufe. Kafin ya isa inda zai yi su, rana ta dafa ruwan, duk sun yi fari sun mutu. Sau da yawa ya dawo hannu rabbana. Wata yamma ya hau sutuh ya zauna, Mama kuwa tana ƙasa tana ta kwaramniya da tukwane don kada mu gane babu abin miya.

Kaka ta dube shi ta ce, "Kai ɗan masunta ne, amma ba ka san yaukinsu ne yake shaƙe su ba? Habu, sauka ka kawo mini jarkar man nan da ta ƙare."

Ta yanke saman jarkar da wuƙa. Ta sa ƙusa a garwashi har ta yi ja, ta riƙe da tsumma, ta shiga huda gindin jarkar da gefenta, warin roba na tashi muna toshe hanci. Ta shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a ciki, ta zura jarkar cikin tsohon bokitin Baba yadda yauki zai riƙa tsiyayewa ƙasa. Ta ɗinka marfi da guntun gidan sauro, ta yi maratayi da tsohuwar ɗamarar Baba. Ta ce ya ƙulle ƙanƙara a tsumma ya ɗora a sama, ta riƙa ɗiga a hankali.

"Ba ruwa a ciki, Inna?" in ji Baba.

"Laima da iska, halas, shi ke nan. Ka gwada ka gani."

Tana cikin wannan huda ne ta ce, kamar yadda ta saba buɗe tatsuniya, "Ga wata nan ta iso ƙofa, a buɗe mata?" Muka haɗa baki muka ce, "Ta shigo mu ji ta!"

Ta ce a wata shekara tafki ya gudu ya bar mutane, masunta suka rataye komarsu. Wani masunci mai 'ya'ya da yawa yana haƙar taɓo, sai ya tono wata gaiwa ta naɗe a rami, ta rame don cin jikinta da take yi. Gaiwa ta ce masa, "Ka kai ni inda ruwa ya koma, ni kuma in nuna maka inda kifi ya taru." Mutumin ya juye sauran ruwan shansa a gora, ya sa ta, ya toshe bakin tam don kada ko ɗigo ya zube, ya kama hanya. Da rana ta take sai ya ji murya ƙasa-ƙasa, "Ina mutuwa." Ya ce, "Kina cikin ruwan da ni kaina na hana wa maƙoshina?" Sai ga wata tsohuwa mai gyaran ƙwarya. Ta karɓi goran ta caka masa basilla, ruwan ya tsiyaye a ƙasa, mutumin ya ɗora hannu a ka yana kuka. Tsohuwa ta cusa ɗanyar ciyawa a ciki ta ce, "Yi ta tafiya, ɗana. Ba duk son da aka toshe bakinsa ne yake raya abu ba." Haka ya yi ta tafiya yana jin yunwa, ga nama a rataye a kafaɗarsa, bai taɓa ta ba har suka isa ruwa, ya sake ta.

Daga nan ƙarshen labarin ba shi da tabbas. Ranar da gyaɗa ta yi ciniki, gaiwa takan koro masa kifi har kwalekwale ya kusa nutsewa. Wata ranar kuwa sai Kaka ta ce ta shige ruwa ba ta ko waiwayo ba, mutumin ya wanke fuskarsa ya koma gida. In Habu ya yi ƙorafi sai ta ce, "Yau haka ta zo mini. Ƙurunƙus kan ɗan kifi, ku sauka ku yi isha'i."

Jarkar ta yi aiki. A makon nan Baba ya dawo da ƙaton kifin da ake kira hamur, wanda sai da muka raba wa maƙwabta, daga baya ma abokansa suka riƙa aiko da jarkoki Kaka tana huda musu. Amma ni wani abu ya tsaya mini a rai. Na taɓa leƙa jarkar da asuba kafin Baba ya fita, na ga 'yan kifayen kwance lamo a kan buhu, bakinsu na motsi.

Da yamma na ce, "Kaka, shi mai tatsuniya sakin gaiwarsa ya yi. Su na Baba ai ƙugiya za a soka musu. To mene ne amfanin sanyaya musu?"

Ta daina juya gyaɗa. Ta dube ni ta ce, "Takwara, kin yi tambayar manya. Ƙugiya tana nan, ban ce miki babu ba, don da ita kuke cin tuwo. Amma daga bakin dutse zuwa bakin ƙugiya, a hannun ubanki suke. Abin da yake hannunka, ko na wuni ɗaya ne, yana da haƙƙi a kanka." Ban gane ba, na dai karɓi gyaɗar da ta miƙo mini.

Na girma, na yi aure, na koma unguwar Madain Fahd. Sai ga shekarar da aka zo rushe Karantina. Aka yi wa bangonmu jan rubutu kamar na kowa, mutane suka shiga ciccire ƙofofi da tagogi suna lodawa a mota. Lungun ya cika da tarkace, ba mai ɗauke ko leda, tunda gobe ma ƙasa za a mai da wurin. Ranar ƙarshe na zo tafiya da Kaka gidana. Lokacin ta tsufa ƙwarai, da bango take dafawa. Na tarar an kwashe komai, ita kaɗai a tsakar gida, ta sunkuya tana shara.

Na ce, "Haba Kaka, yalla, mota na jira. Gidan da za a rushe kike sharewa?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "An rushe?"

"A'a."

"To har yanzu gidana ne. Ya rufa mini asiri tun ubanki bai yi haƙori ba, ba zan miƙa shi da datti ba."

A tsaye nake, amma sai na ji kamar an zaunar da ni. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka kulawa ana yin ta ne don abu ya ɗore, in ba zai ɗore ba asarar ƙarfi ce. Ita kuwa matar da ta binne miji a baƙon wuri, ta rayu a ƙasar da kullum ake iya ce mata tashi, ta daɗe da sanin ba abin da yake ɗorewa, kuma hakan bai taɓa sa ta yi wa komai riƙon sakainar kashi ba.

Direba ya yi ta danna oda a bakin lungu. Na leƙa na ce masa ya yi haƙuri. Na zaunar da ita a dakali, na ɗaure gyalena a ƙugu, na karɓi tsintsiyar. Tana zaune tana nuna mini da yatsa, "Ga can bayan ƙofa, takwara, kin tsallake." Na koma na share.