Na Mayar Musu da Bikinsu

Shekarun farko da aka tattara mu Hausawa aka zaunar a unguwar Sabo, maigidana fatoma ne, mai saukar da fataken goro. Ni kuwa ina cikin gida ina suyar ƙuli-ƙuli. Wata damina wani baƙo ya sauka a wurinmu da matarsa mai tsohon ciki. Aikin tilas ya gudo wa daga ƙasar da ke hayin iyaka ta yamma, bayansa duk shatin bulala.

Ba a jima ba sai ga wani dillali, Bahaushe ɗan'uwanmu, da alkyabba da turmin yadi da kan sukari, wai gaisuwa daga Turawan can. Haka suka bi fatomomin unguwa gida-gida. Gwamnati guda, ta rasa abin yi sai rabon alkyabba! Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma akwai son a gani. Ya karɓi kayan, ya saɓa alkyabbar ya tafi masallacin Juma'a.

Da dillalin ya dawo sai ya fito a mutum: a miƙa masa baƙon a mayar da shi.

Raina ya ɓaci. Na ce wa maigidana, "Malam, ka ga irinta ko?"

Ya ce, "To yaya zan yi? Baki ya ci, dole ido ya ji kunya. Ba a mayar da rigar da aka riga aka sa."

Na ce, "Bar ni da su."

Mu mata mun san biki. In ƙawarki ta kawo miki gudummawa, ranar nata ki ninka mata, zumunci ya ɗore. In kika mayar daidai abin da ta kawo, kin yanke ke nan, ba zagi ba faɗa.

Na sauke tasoshin jerena kaf, har da wadda na gada wurin innata, na aika aka sayar. Wallahi na yi kuka, amma ban fasa ba. Aka sayo sabuwar alkyabba, turmi ɗaya, kan sukari ɗaya.

Dillalin ya duba kayan a zaure, ya ɗaga murya: "Uwargida, ba ƙari?"

Daga bayan ƙofa na ce, "Ba ƙari, ba ragi. Ai uwarka ta yi biki, je ka fassara musu."

Ya kwashi kayansa, bai ƙara tako mana gida ba.

Matar baƙon a ɗakina ta haihu. A tasar aro muka yi wa jaririyar wankan farko.