Malam Habu Ba-Igiya

Duk wanda ya san Malam Habu, mijin yayata Hajo, ya san hannunsa na hagu ba ya barin ƙugu. Baƙo in ya hango shi tafe a kasuwar Waca sai ya ce, kai, ga wani mai ji da kansa. Wane ji da kai! Wandonsa yake riƙe. Mutumin nan bai yarda da mazagi ba, bai yarda da duk wani abu mai kama da igiya ba, shi ya sa muka laƙaba masa Ba-Igiya. Naɗe bakin wandon yake ya cusa, sauran aikin hannu ya ƙarasa. Ni kuwa da yake ƙanin mata ne, akwai wasa tsakaninmu, kullum sai na miƙa masa goro ta hagu don in ga yadda za a kwashe.

"Idi, ba dai ka da kunya," zai ce. "Zagayo ta dama."

Rijiya ma ba ya zuwa, don guga da igiya take tafe. Amma rigimar gaske kan awakinsa ta tashi. Kun san al'ada, da an yi shuka mai gari zai sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa sai bayan girbi. Kowa ya kafa turke, Malam Habu ya ce shi akuyarsa ba ta yi laifin komai ba. Rannan garken nasa, da wata tsohuwar akuya da yake kira Gwaggo a gaba, suka shiga gonar waken liman suka yi mata aski. Aka kira shi ƙofar mai gari, muka bi don kallo.

"Habu, ko ka ɗaure su, ko ka sayar," in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, babu ta uku?"

"Ta uku sai ka kai su inda ba gonar kowa."

"To, na gode," in ji Malam Habu, ya miƙe da wandonsa a hannu.

Mu mun ɗauka ya saduda, ashe izini ya samu. Akwai wani tudu a tsakiyar babban tabkin nan na Korama, gabas da gari, inda ba ka ganin kowa sai balbela. Washegari sai ga shi ya kora awaki, Yaya Hajo da tukwane a ka, yara a baya da kaji, suna ratsa ruwa iya gwiwa. Tun daga bakin gari ake jin muryar yayata.

"Malam, ni ɗiyar mutane ce, ba kwaɗo ba!"

"Hajo, kwantar da hankalinki. Ke da kike kukan nisan rijiya, ga ruwa gabas da yamma, kudu da arewa. Wace mace aka taɓa yi wa wannan gata?"

Suka kafa bukkoki, damina ta cika tabkin, tudu ya zama tsibiri. In zai shigo gari sai ya rungumi wata ƙatuwar gora ya yi iyo, tufafinsa a ka, rawani naɗe har wuya. Awaki kuwa suka yi ƙiba har suna sheƙi, ba turke, ba mai kora. Yaya Hajo ta yi rantsuwa kaka na yi za ta koma gari. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yayata na nan tana kiwon agwagi tana rantsuwar.

Wata rana na kai musu gero da kanwa. Na ɗaure jakina a gindin wani gawo a bakin ruwa, na haye, na zauna shan fura. Can na lura ban ga maigidan ba. Da ya dawo jikinsa na ɗigar ruwa, sai murmushi yake. Na fito zan tafi, ba jaki, ga igiyar nan yashe a ƙasa.

"Malam Habu! Ina jakina?"

"Ya yi ta kallona, Idi. Ban iya jurewa ba."

"To ni da me zan koma?"

"Da abin da shi ya koma da shi."

Haka na taka har Waca da mangala a ka, yara na bi na da dariya. Na tarar da jakin a ƙofar gida yana cin kara, ko kallona bai yi ba.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Kwana da kwanaki ana zubawa, Korama ta cika ta batse, ruwan da muka sani kwance ya tashi da gudu. Da hantsi muka ji kururuwar Yaya Hajo daga nesa, muka ruga da doguwar igiyar kaba, muka ɗaura bakinta a gawon nan. Samari masu iyo suka fito da yara da yayata, suka yi ta jigilar awaki ɗaya bayan ɗaya. Saura Gwaggo. Tsohuwar nan ta hau kan rufin bukka ta ƙi kowa, Malam Habu kuma ya ce ba ya fita ya bar ta. Ruwa ya kai masa ciki, gorarsa tuni ta yi gaba. Na yi iyo na kai masa bakin igiyar, raina a ɓace.

"Don Allah sa mata a wuya mu ja ta! Yau ba ranar wasa ba ce!"

"Ba a wuyanta ba."

"To ku mutu tare ke nan? Ga ƴaƴanka can suna kallo!"

Ya dubi yaran, ya dubi akuyar, ya daɗe yana duban igiyar. Sai ya karɓa ya ɗaura a ƙugunsa, ya saɓa Gwaggo a kafaɗa, hannun dama na riƙe da ƙafafun gaba, na hagu na riƙe da na baya. To jama'a, hannu biyu Allah ya ba mutum. Wa zai riƙe wando? Muna ja, muna ja, sai ga wani farin abu ya ɓullo bayansa ya bi ruwa ya nufi gabas. Ya fito tudu daga shi sai ƴar riga da rawani, da akuya, da igiya. Yaya Hajo ta cire mayafinta ta wurga masa, hawaye na zuba tana dariya.

"Oh ni Hajo! Yau Malam ya sa mazagi, wandon ne babu!"

Har liman sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Malam Habu ya sauke Gwaggo, ya ce, "Ku dai shaida, ita ba a ɗaure ta ba." Amma na ga ya kasa kwance ƙullin, na ga yayata ta matsa da sauri ta kwance masa, ta jefar da igiyar nesa. Ruwa na janyewa suka koma tudunsu, kuma wannan karon ita ce a gaba.

Ranar da ya rasu, ni na kama wa liman wanka. A nan na ga wani tsohon tabo ya zagaye wuyansa, wanda rawani ya rufe mana tsawon shekaru. Na fito na tambayi yayata. Ta ce tun yana saurayi Nasara, wato Turawan mulki, suka kwashe su aikin dole na hanyar Damagaram, a jere, igiya ɗaya a wuya, shi da ƙaninsa kusa da juna. Ƙanin ya kwanta ciwo a hanya ya faɗi, ba a tsaya an kwance shi ba sai da rai ya fita. Ni da na yi shekaru ina yi masa tsiya kan mazagi, sai na rasa inda zan sa kaina, na zauna na yi kuka.

Muna sa shi a likkafani, liman ya ɗauko ƙyallen ɗauri, sai muka ji muryarta daga bayan zana, a hankali.

"Idi, ku sassauta masa."

Muka sassauta. Allah ya jiƙan Malam Habu, ya haɗa shi da ƙaninsa, ya yalwata masa makwanci, ya sake shi ya wala a inda ba a ɗaure kowa. Amin.