Tambayar da ban yi wa Anti Habiba ba

Yau da safe ina ɗaura ɗankwali waya ta shigo, wai Anti Habiba ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai da na ce wace Habibar? Har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Ita ce babbar nas ɗin da ta karɓe ni a asibitinmu na Birnin Gwari, na fito makaranta baki cike da Turanci. Ritenshan, inkontinans, konstifeshan, duk na haddace. Ta yi mini dariya, ta ce in ajiye su a fayil. A gaban mara lafiya riƙewar fitsari ne, yoyon fitsari ne, taurin bayan gida. Kateta kuma robar fitsari.

Ta kuma ce ko da Hausar, dattijo ba zai faɗa miki ba.

Na ga haka ranar da aka kawo wani tsoho Bafulatani daga wajen Kamuku. Na tambaye shi a gaban surukinsa ko yana fitsari, ya ce lafiya lau. Na rubuta. Anti ta sallami kowa, ta ɗaga butar da ke gindin gadonsa, a cike take tun jiya. Ta shafa mararsa, ta yi tauri. Aka sa masa roba, ya rayu.

"Jummai, baki yana jin kunya," ta ce mini. "Ki riƙa duba buta."

Shekara da shekaru da wannan nake aiki.

Watan jiya muka je Gayam duba masu ciki, tun hantsi har la'asar. Na lura Anti ta sha ruwa ya fi sau uku, ba ta zagaya ko sau ɗaya ba. Na ga ƙafarta ta kumbura, silifas ya matse. Na buɗe baki, sai na ji nauyi. A shekaru ta haife ni, ita ta koya mini aikin. Na ce sannu da gajiya kawai.

Ta ce, "Gajiya ta bi lafiya, 'yata."

Yanzu 'yarta ke gaya mini ƙoda ce, fitsarin ya daɗe yana raguwa, ba ta faɗa wa kowa ba.

To na rasa gane wa zan tuhuma. Ita da ta fi kowa sanin abin? Ko ni da na gani na yi shiru? Na san kwana ne ya ƙare. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Allah Ya gafarta miki Anti, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ɗawainiyar da kika yi da marasa lafiya ta zama sanadin Aljanna.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ni ma ku sa ni. Na duba butar kamar yadda ta koya mini, tambayar ce ban yi ba.